Gilasai Biyu da Kumfa Bai Wanke Ba

A ƙarshen barandar asibitin, bayan an wuce tagar karɓar magani, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya wanda marasa lafiya ba sa shiga, jininsu ne kawai yake shiga. A ɗakin nan Marini ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki, Allah ya jiƙansa, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ganin yatsunsa da launin da aka haife shi da shi ba.

Jini yake rinawa, bai taɓa rina tufafi ba. In aka kawo jinin mutum a 'yar kwalba, sai ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan wani siririn gilashi mai tsawon yatsa, ya ɗauki wani gilashin ya ja ɗigon da gefensa, sau ɗaya tak, jinin ya shimfiɗu ya yi shara-shara. Ya bar shi ya sha iska, ya zuba masa sifirit don ƙwayoyin su kafe a inda suke, sannan ya kwarara masa ruwan rini. In lokaci ya cika ya ɗauraye, ya jingine shi ya tsane, a kai wa Likita ta duba a madubinta mai girmama ƙananan abubuwa.

Duk wanda ya tambaye shi amfanin wannan wahala, amsarsa ɗaya ce. "Fararen ƙwayoyin jini ba su da launi. In ka sa su a madubi haka nan, kamar ka nemi ɗigon ruwa a cikin ruwa ne. Rini ne yake sa musu riga. Jajayen su sha ruwan hoda, fararen kuma cikinsu ya sha shunayya, fatar kowace ta fito zagaye da iyakarta. A nan ne Likita take karanta abin da yake damun mutum."

Da shara ya fara a ɗakin. Mahaifinsa ya rasu yana aji huɗu a sakandare, karatu ya tsaya, aka samo masa tsintsiya da bokiti. Tsohon da yake rinin a lokacin ya lura yaron nan yana shara amma idonsa yana kan tebur, sai ya fara nuna masa. Daga baya ya yi kwas ya samu takarda, amma shi kullum cewa yake hannunsa ya riga takardar iya aikin. Sunan kuwa matarsa ce ta raɗa masa, ranar da ta gaji da cuɗar fararen rigunansa. Ta ce, "An ce mini ma'aikacin asibiti zan aura, ashe marini ne, marinin da bai taɓa rina mini ko kallabi ba." Maganar ta fito daga gida ta bi shi wurin aiki, har Likita, wadda ya girme wa da shekara ashirin, Baba Marini take ce masa. 'Yarsu ɗaya ce. Tana ƙarama ta taɓa shafe yatsunta goma da tawadar biro, aka tambaye ta, ta ce so take ta yi kama da babanta.

A kusurwar ɗakin, a bakin famfo, nan Kumfa yake. Shi ne mai wanke gilasai da kwalabe, ya zo bayan Marini da shekara biyu, kuma sunansa daga hannunsa ya samo shi, don kullum a cikin kumfar sabulu suke. Sa'annin juna ne. Ƙarfe goma na safe suna fita bayan ɗakin su zauna a kan wani benci mai ƙafa uku da bulo ɗaya, su sha shayi a kofi biyu marasa mariƙi.

"Mutumina," in ji Marini, "ni ina ɓatawa, kai kana wankewa. Ranar da ɗayanmu ya mutu, ɗayan ya rasa aikin yi."

"To ka riƙe ranka da kyau, dattijo, ina da iyali."

Marini yana da wata ɗabi'a wadda ba a rubuta ta a kowace takardar aiki ba. Duk sabuwar kwalbar rini da aka kawo daga sito, ba ta taɓa jinin majinyaci sai ya gwada ta a kan nasa. Zai soki yatsansa na hagu na kusa da ƙarami, wanda har ya yi kanta, ya shimfiɗa, ya rina, ya zauna a tsohon madubin da Likita ta daina amfani da shi ya duba da kansa. "Ba na gwada baƙon rini a kan baƙon jini," haka yake cewa. "Nawa na sani, shekara talatin muna gaisawa. In ya fito mini da wata fuska, rinin ne ya yi ƙarya." Shi kuwa Kumfa, ƙato da shi, da ya ga an fito da allura sai ya juya ya fuskanci bango. Marini yakan ce, "Ka juyo, an gama yaƙin." Daga nan sai ya jefa gilashin gwajin a roban wanki, Kumfa ya wanke, magana ta ƙare.

Abin da ya faru ranar wata Litinin, Kumfa bai san shi a lokacin ba. Sai daga baya ya ji shi daga bakin Marini, a kan gadon jinya.

An kawo sabuwar kwalba. Marini ya soki yatsa, ya rina, ya ɗiga mai a kan gilashin, ya sa ido. Jininsa ya fito masa da wata fuska. A da sai ya yi ta zagayawa kafin ya gamu da farar ƙwaya ɗaya cikin jajaye. Yau fararen sun cika fili, kafaɗa da kafaɗa. A tsakaninsu kuma ga waɗansu dabbare-dabbare masu launin shunayya, ba fata, ba iyaka, kamar an dangwala babban yatsa a kan ɗanyar tawada.

Ya san su. Ya sha rina wa Likita irinsu, ita ce ma ta taɓa yi masa bayani: akwai wata sankarar jini da take sa fararen ƙwayoyi su yi ta yawa, fatarsu kuma ta yi rauni, har in aka ja ɗigon a kan gilashi sai su farfashe, rini ya kama abin da ya zube. Amma ya kuma san wani abu, wanda duk mai irin aikinsa ya sani: nauyin hannu yakan fasa 'yan ƙwayoyi, gilashi mai datti yakan ɓata shimfiɗa, gurɓataccen rini yakan bar tabo. 'Yan kaɗan dai, ba irin wannan taron ba. Amma ƙofa ce, ko da ƙanƙanuwa ce, sai ya bi ta cikinta.

Ya fara da hannunsa. Ya sake suka, ya ja a hankali kamar mai shafa kan jariri. Suna nan. Ya tace rinin da takardar tacewa har sau biyu. Suna nan. Ya canja ruwan ɗauraya. Daga ƙarshe ya ɗauki alƙalami ya rubuta a jikin kwalbar, "Bai yi ba," ya tura ta can cikin kabad, ya ci gaba da yi wa majinyata aiki da ragowar tsohon rini. Shi tsohon rinin da ya yarda da shi, bai gwada jininsa da shi ba. Wannan ne kaɗai gwajin da zai raba gardama, kuma shi ne kaɗai wanda bai yi ba.

Bayan wata ɗaya aka kawo ta biyu, ita ma ya rubuta mata "Bai yi ba." Da ta uku ta zo ta ba shi amsa iri ɗaya, sai rini ya ƙare masa a matsayin abin zargi, ya waiwayo kan gilashi.

"Sabulu kake bari a gilasan nan," ya ce, a gaban Likita da wasu nas biyu da suka kawo jini.

Kumfa ya ɗauka wasa ne. Ya ce, "Ai don su yi maka ƙamshi ne, dattijo."

"Ba wasa nake ba. Tsufa ya fara kama ka, kana ɗauraya sau ɗaya kana jerawa. Kai kake ɓata mini aiki."

Shekara ashirin da tara Kumfa yana ɗauraye kowane gilashi sau uku, na ukun da tataccen ruwa, ya ɗaga shi a hasken taga kafin ya jera. Ya jira sai da nas ɗin suka fita. Sannan ya ce, "Laifi tudu ne, Malam Marini." Bai ƙarasa ba, ya juya ga famfonsa. Daga ranar ya koma ɗauraya sau biyar, har fatar hannunsa ta tsattsage. Ƙarfe goma ya riƙa shan shayinsa a tsaye a bakin famfo. Bencin bayan ɗaki ya yi sati uku ba wanda ya zauna a kansa.

Amma jiki magayi. Kumfa yana fushi, idonsa kuma yana gani. Farar rigar Marini ta fara yi masa yawa. Ya fara ɓalle maɓallin wuya har na ƙarshe, mutumin da kullum yake cewa maɓallin nan na masu neman aure ne. Matakala uku ta ƙofar baya, sai ya tsaya a ta biyu kamar yana neman wani abu a aljihu. Wata ranar matarsa ta kawo masa tabarau da ya manta a gida, ta tsaya wurin Kumfa ta rage murya. "Abokinka ba ya cin abinci. In na yi magana ya ce aiki ne. Kai da kake tare da shi, me yake damunsa?" Kumfa ya ce bai sani ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Tsohon rinin yana ta sauka a kwalba. Marini yana tsimi da shi, yana karkata kwalbar, yana jiran ɗigo na ƙarshe. Wata huɗu bayan waccan Litinin, da safe, ya ƙare ƙarƙaf, ga jinin mutum ashirin da biyu a jere a kan tebur.

Likita ta shigo ta buɗe kabad, ta ga kwalabe uku da rubutu iri ɗaya. Ta ce, "Baba Marini, uku duka? Ban taɓa musa maka a kan rini ba, amma yau ina da mutane a ƙofa. Nuna mini gilasan da ka yi gwajin da su in gani."

"Na jefa su wanki, Likita."

"To sake gwadawa. Zan zagaya ɗakin jinya in dawo, awa ɗaya."

Ta fita. Kumfa ya rufe famfo. Bai yi karatu mai nisa ba, amma abin da ya shiga robansa ya san shi. Gilashin gwajin Marini daban yake, yana yi masa alamar kuros da fensir a gefe, kuma wata huɗu ke nan ko ɗaya bai iso wanki ba. Ya goge hannunsa a jikin wando, ya tako ya tsaya a gaban tebur, ya miƙa yatsa.

"Soka."

Marini ya dube shi. "Kai? Kai da kake gaida bango in ka ga allura?"

"Soka kafin in canja shawara. Ka ɗauko gilashi biyu daga wankin jiya, waɗanda ka ce da sabulu. Ɗaya nawa, ɗaya naka. Rini ɗaya, ruwa ɗaya, hannu ɗaya. In duka biyun suka lalace, ni da kaina zan je in ce a sallame ni."

"Mutumina, bar maganar nan."

"Ba zan bari ba. Ina gilasan kuros?"

Marini ya daɗe yana kallon yatsan da aka miƙo masa, yatsa fari fat saboda ruwa, duk ya tsattsage. Sannan ya jawo auduga da sifirit. Kumfa ya juya fuskarsa ga bango, ya damƙe gefen tebur da ɗaya hannun.

"An gama yaƙin," in ji Marini.

Ya soki nasa. Ya shimfiɗa biyun, ya kwantar da su kusa da juna a kan ƙarfen rini, ya ɗauko kwalbar farko, ta waccan Litinin, ya kwarara musu. Minti goma ake jira. Famfo yana ɗiga, a waje wata mata tana rarrashin jariri, wani yana tura keken marasa lafiya wanda ƙafarsa ɗaya take kuka.

Na Kumfa Marini ya fara sakawa a madubi. Ya duba, ya murɗa, ya ƙara dubawa. Ya ce, "Zo ka ga jininka." Kumfa ya sunkuya. Ya ga zobba masu ruwan hoda a warwatse, kowane da filinsa, can a gefe kuma ƙwaya ɗaya mai shunayya, zagayayyiya, fatarta lafiya lau. Bai san jininsa yana da kyau haka ba.

Marini ya zare, ya saka ɗayan. Bai duba ba. Ya ce, "Kai duba."

Ba sai an yi wa Kumfa bayani ba. Ya ɗago kai, ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Rinin ya yi kyau," in ji Marini. "Tun ranar farko ya yi kyau. Gilashinka ma fes yake, ban taɓa samun sabulu a kansa ba ko sau ɗaya. Ka yafe mini."

"Wata huɗu, dattijo! Wata huɗu kana zaune a cikin asibiti, Likita tana bayan bangon nan!"

"Yarinyar nan tana shekarar ƙarshe a makaranta. Uwarta ga hawan jini." Ya girgiza kai. "A'a, bar su, kada in ɗora musu su ma. Tsoro ne, mutumina. Tsoro kawai."

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wani ƙunshi na takardar tacewa. Gilasan kuros ne, goma sha ɗaya, kowane da kwanan wata. Ko a cikin ɓoyon ma bai iya barin aiki ba tsari ba.

Kumfa ya ce su tafi wurin Likita yanzu-yanzu. Marini ya ce a'a, mutum ashirin da biyu sun riga shi layi. Ya zauna ya shimfiɗa jininsu ɗaya bayan ɗaya, yana rinawa, Kumfa yana miƙo masa gilasai. Da suka tsane ya jera su a faranti, ya sa nasa a ƙarshe, ya ɗauka da kansa. Kumfa ya bi shi har bakin ƙofa.

Likita ta yi ta dubawa tana rubutu. Da ta kai kan na ƙarshe sai alƙalaminta ya tsaya. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wannan ba lamba, ba suna. Na wane ne? A nemo mini shi yau ɗin nan."

"Ba sai an nema ba, Likita. Ga shi a tsaye."

Shekara ɗaya da wata bakwai ya yi bayan nan, rabinsu a gida, rabinsu a ɗakin jinya na sama. Kumfa ya taɓa tare Likita a baranda ya tambaye ta ko watannin nan huɗu ne suka cuce shi. Ta ce, "Ban sani ba, Baba Kumfa. Ciwon nan a wurin wasu tafiyar hawainiya yake yi, nasa mai gudu ne. Wataƙila da sun ƙara masa lokaci, wataƙila a'a. Ba zan yi maka ƙarya ta kowane gefe ba." Har yau tambayar tana nan tare da shi. Yakan ce da ya ƙirga gilasan kuros tun a watan farko, maimakon ya tsaya yin fushi.

Ƙarfe goma ya riƙa hawa sama da kofuna biyu marasa mariƙi. Marini bai daina aiki da baki ba. An kawo wata mata daga wani asibiti ta karɓi teburinsa, ita take rina jininsa duk sati, shi kuma ya nace sai an hawo masa da gilashin. Zai ɗaga shi a hasken taga ya ce, "Ka gaya mata ta yi gaggawar ɗauraya. Ta ƙara minti biyu. Amma hannunta yana da kyau, kada ka manta ka gaya mata wannan ma."

'Yarsa ta gama makaranta, ta kawo masa takardar har gado. Tana riƙe da hannunsa sai ta tsaya tana jujjuya shi. Rinin shekara talatin ya fita a hankali, faratan sun tofo sababbi. Ta ce, "Baba, ban taɓa ganin hannunka ba sai yau." Matarsa ta karɓi hannun ta duba, ta ce, "Ni ban san wannan ba. A dawo mini da na marinina." Aka yi dariya, ita kuma ta tashi ta fita baranda ta daɗe ba ta dawo ba.

Gilasan kuros goma sha ɗaya, Likita ta roƙe shi ya bar mata don koyar da ɗalibai, ta ce ba ta taɓa ganin an rina ciwon nan da kyau haka ba. Ya ji daɗin maganar ƙwarai, ya sa Kumfa ya maimaita masa ita sau biyu. Sauran biyun, na ranar gwaji, suna wurin Kumfa. Ana saura kwana uku ya rasu ya tambaya.

"Gilasan nan biyu fa?"

"Suna nan."

"Ka wanke su, ka mayar cikin 'yan'uwansu. Gilashi ba ya yawa."

"To, dattijo."

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, shayinsa yana kan durowa bai huce ba.

A shekara ashirin da tara Kumfa bai taɓa ƙin wanke abin da Marini ya ce a wanke ba, sai waɗannan. Matar marigayin ta ba shi gidan tabarau ɗinsa, ya shimfiɗa auduga a ciki ya kwantar da su, nasa da na abokinsa. Yana ajiye shi a kan katakon da yake saman famfo, inda ruwa ba ya kaiwa. Bai rasa aiki ba kamar yadda Marini ya yi hasashe; gilasai suna ta zuwa, yana ta wankewa, sau uku, na ukun da tataccen ruwa.

Wata biyu bayan rasuwar aka kawo sabuwar kwalbar rini daga sito. Matar da ta karɓi teburin ta buɗe, ta jawo jinin wani majinyaci za ta fara. Kumfa ya rufe famfo ya ce, "Malama, a ɗakin nan ba a gwada baƙon rini a kan baƙon jini."

Ta ce, "To a kan na wa ake gwadawa, Baba?"

Ya goge hannunsa a jikin wando, ya miƙa mata yatsa, ya juya fuskarsa ga bango.